So da Rashin Sukuni a Waƙar Labari: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Son Feɗe Waƙa

Wace ce waƙar labari, kuma me ya raba ta da sauran waƙoƙin soyayya?

Yawancin waƙoƙin soyayya yabo ne da siffantawa: idonta, tafiyarta, halinta. Kana iya ɗauke ɗa (wato baitin waƙa) na uku ka mai da shi na farko, babu abin da zai lalace. Waƙar labari kuwa wani abu ne ke faruwa a cikinta. Akwai wanda ya tafi da wanda aka bari, akwai jiya da yau. In ka sauya wa ɗiyanta wuri sai zaren ya tsinke. Wannan shi ne gwajin farko, kuma da wuya ya ba ka kunya: juya jerin ɗiyan a ranka, in ma'ana ta rushe to labari ke hannunka.

Sai dai labarin waƙa ba kamar na ƙagaggen littafi ba ne. Mawaƙi ba shi da fili. Yakan ba ka aukuwa uku ko huɗu ya tsallake shekaru a tsakaninsu, kuma a wuraren da ya tsallake ɗin ne aikin manazarci yake.

Me ake nufi da rashin sukuni a nan? Ba kewa ba ce kawai?

A'a. Mai kewa ya san abin da yake so, nisa ne ya raba shi da shi. Mai rashin sukuni ko an kawo masa abin gabansa ba zai zauna ba. Yana da kyau ka tantance wanne ke gabanka, domin Hausa ta ba kowane hali sunansa. Bege so ne mai ƙuna da yawan ambato. Zullumi da tararrabi na kallon abin da bai zo ba. Ƙawazuci na kallon abin da aka saba da shi aka rabu. Kai-kawo motsin jiki ne da zuciya ta haddasa. Ita ma tafiyar kanta iri-iri ce a idon Bahaushe: ci-rani da fatauci da tafiya karatu gabas suna da mutunci da ranar dawowa, yawon dandi da gantali da shiga bariki ba su da. Mawaƙin da ya ce saurayin ya tafi ci-rani, sannan ya nuna damina ta wuce bai komo ba, ya riga ya gaya maka tafiyar ta sauya suna ko da bai furta ba.

Karin magana biyu ne ke jan irin wannan waƙa, kowanne gefensa: "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi" da "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ka nemi wanda waƙar ta fi karkata gare shi, da kuma ɗan da ta karkata a cikinsa.

Daga ina zan fara in na sami waƙar?

Kada ka fara da biro. Saurara sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ka rubuta jimla guda kan abin da ka ji a ranka, ka ajiye ta gefe. A sauraro na biyu ka rubuta matanin, layi bayan layi. Ware kamar awa guda ga waƙar minti biyar, kuma in muryar na da sauri ka rage gudun sautin zuwa kashi uku cikin huɗu. Duk kalmar da ba ka tabbatar ba ka bar gurbinta da alama, kada ka cike da abin da ya yi kama. A sauraro na uku ka sa wa ɗiya lamba, ka kuma ƙirga sau nawa aka maimaita amshi da inda aka ƙara masa ko aka rage wata kalma.

Bayan nan ka ja layuka biyar a takarda. Ga kowane ɗa ka cike: wa ke magana, da wa yake magana, ina yake tsaye, wane lokaci ne na yini ko na shekara, da kuma aikatau ɗin da aka yi amfani da su. Layi na ƙarshen nan shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ya fi amfani. Kalmomin daɗin baki irin su zuma da madara da hasken ido kowa na iya zuba su. Aikatau shi ke nuna abin da mutum ya aikata da ƙafarsa.

A ba da misali mana.

Ga wasu ɗiya huɗu da aka tsara musamman don wannan bayani:

Amshi: *Bari damina ta faɗi, zan komo.*

*Ran da muka ɗaure gero na yi sallama,*
*Tana tsaye bakin zaure, ba ta ce komai ba.*

*Na kwana Zariya, na wuni Kaduna,*
*Na ga gada a Jebba, ban ga barci ba.*

*An ce shamuwa ta sauka kan kukarmu,*
*Ke kuwa ba ki aiko ko da gaisuwa ba.*

*Damina uku ke nan ina ɗaure kaya,*
*In na isa tasha sai in ce ba yau ba.*

Fara da lokaci. Ɗaure gero kaka ce, lokacin da ɗan ci-rani ke fita. Saukar shamuwa albishir ne na damina, lokacin da ya kamata ya kasance a gona. To tsakanin ɗa na 1 da na 3 rani guda ya wuce ba a faɗa ba, tsakanin na 3 da na 4 kuwa shekaru suka wuce.

Sai wuri. Ɗa na 2 ya jero garuruwa uku a numfashi ɗaya, kowanne ya fi na baya nisa da gida, har ya kai Jebba, inda matafiyi daga arewa ke ƙetare kogin Kwara ya fuskanci kudu. Ya ce ya kwana, ya kuma ce bai ga barci ba. Bahaushe ya san kwana daban, barci daban. Nan ne rashin sukuni ya fara leƙowa, tun tafiyar ba ta yi nisa ba.

Dubi wakilin suna. A ɗa na 1 "tana" ce, yana ba mu labarinta. A ɗa na 3 ta koma "ke". Ya manta da mu masu sauraro, ya juya yana magana da wadda ba ta wurin. Duk inda ka ga mawaƙi ya sauya daga "ita" zuwa "ke" ko daga "shi" zuwa "kai" ka sa alama, domin a nan zuciya ta fi ƙarfin labari.

Dubi kuma "ɗaure". Da farko gero aka ɗaure, da "mu", aikin da aka gama. A ƙarshe kaya ake ɗaurewa, da "ni" kaɗai, aikin da ya ƙi ƙarewa. Sannan kowane ɗa ya rufe da "ba". Amsa-amon waƙar gaba ɗaya korewa ce: ba ta ce ba, ban gani ba, ba ki aiko ba, ba yau ba. Uku na farko abubuwa ne da suka same shi. Na huɗu shi ya yi wa kansa. Wanda ya karanta waƙar a matsayin kukan wanda aka yi wa butulci ya tsaya a ɗa na 3. Ɗa na 4 ya nuna babu mai riƙe da shi sai ƙafarsa.

Me ya sa ake nanata bambancin "koma" da "komo"?

Domin Hausa na da wani makami da ke nuna inda mai magana ya kafa kansa. Aikatau mai ƙarewa da wasalin "o", wanda masu nahawu ke kira giredi na shida, yana nuna motsi zuwa wajen mai magana: aika da aiko, koma da komo, fita da fito, shiga da shigo, tura da turo. A amshin can sama mutumin yana kudu, don haka bisa ƙa'ida "zan koma" ya kamata ya ce. Da ya ce "zan komo" sai ya zama yana magana kamar yana tsaye a bakin zauren nan tare da ita. Jikinsa ya ƙetare Kwara, tsakiyar duniyarsa na gida. Harafi ɗaya ya ɗauki abin da ɗa guda ba zai ɗauka ba.

In ka ga waƙa ta fara da "komo" ta ƙare da "koma", gida ya zama can ke nan, baƙunta ta zama zama. Haka za ka bi sauran ƙananan kalmomi. "Nakan" na nuna sabo, abin da ke ta maimaituwa ba mafita. "Da na sani" da "da ma" nadama ce. "Har yanzu" da "tun" suna auna tsawon jira. "Sai" a tsakiyar layi sau da yawa ita ce ƙofar da niyya ke sulalewa ta fita, kamar a "sai in ce ba yau ba".

Amshi ai maimaici ne kawai. Me za a nazarta a cikinsa?

Kalmominsa ba sa sauyawa, amma abin da ya gabace shi na sauya shi. A misalin nan, bayan ɗa na 1 amshin alkawari ne. Bayan na 2 lallashin kai ne. Bayan na 3 ya zama abin kunya, tunda daminar ta riga ta faɗi. Bayan na 4 ba wanda zai gaskata shi, har mai faɗarsa. Saboda haka ka karanta amshi sabo a duk inda ya dawo, ka rubuta gefensa abin da yake nufi a wannan gurbin. A waƙar da ke da jagora da 'yan amshi akwai ƙarin abu: muryoyi da yawa ne ke faɗar alkawarin mutum ɗaya, kamar gari ne ke tuna masa abin da ya ce.

Ta yaya zan san babban jigo: so ne ko tafiya?

Masu bin tsarin feɗe rubutacciyar waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sukan nemi furucin jigo, su kawo jigo a gajarce, sannan su warware shi. Masu bin tsarin waƙar baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suna kiran babban jigo turke, ƙananan saƙonnin da ke tallafa masa tubalan ginin turke, amshin kuma gindin waƙa. Kowanne ka bi, tambayar ɗaya ce: wanne ne in an zare shi waƙar za ta faɗi? Zare masoyiyar daga misalinmu, za a bar ka da ɗan ci-ranin da ya kasa komawa gida, waƙa na nan da ranta ko da ta rame. Zare kasa komawar, sai a bar ka da saurayin da ya je ya dawo, babu waƙa. To rashin sukuni ne turke, so kuwa shi ne tubalin da ya sa abin ya yi ciwo.

Ba kullum haka take fitowa ba. A wata waƙar son ne ya haifi yawon, kamar wanda aka hana aure ya bar gari. Abin da ke karya ɗalibai shi ne ƙirga kalma: sun ga "so" sau goma sha biyu sai su yanke hukunci. Yawan ambato ba ya nuna turke.

Idan mawaƙi ya ce "na tafi", shi ne ya tafi?

Ba dole ba. Mawaƙi na ara wa wasu bakinsa. Namiji na rera waƙa da muryar amarya, matashi na rera ta tsoho. Ka ce "mai magana a waƙar", kada ka jingina wa mawaƙin labarin sai in shi ya faɗa a hira ko a rubuce.

Akwai waƙoƙin da ba a ambaci so ko sau ɗaya ba, amma ana cewa na soyayya ne. Ta ina?

Ta kunya. A tarbiyyar gargajiya mace ba ta faɗar sunan mijinta, budurwa ba ta bayyana son saurayi a gaban manya. Don haka tsofaffin waƙoƙi, musamman na gaɗa da na niƙa, suna bi ta bayan gida: wane, ɗan mutanen gabas, mai farar riga, yayan wance. Shirun yarinyar da ke tsaye bakin zaure ba rashin damuwa ba ne. Fitowarta har zaure a gaban mutane ita ce maganar. Ka lura da ƙananan ayyuka: wa ya raka wa, har ina, me aka ƙulla a gefen zane, wa ya ƙi cin tuwo. Wanda ya auna irin wannan waƙa da ma'aunin waƙoƙin sitidiyo na yau, inda ake faɗar komai ɓaro-ɓaro, zai ce babu so a ciki, alhali a cike take.

Wani lokaci ban iya gane ko begen mace ake yi ko begen Annabi. Akwai hanyar rabewa?

Ruɗanin na da asali. Tsohuwar ƙasidar Larabawa takan buɗe da tsayawa a kufai ana tuna masoyiyar da ta ƙaura, sannan mawaƙi ya hau raƙumi ya shiga sahara, sannan ya iso ga abin da ya kawo shi. Haka mu'allaƙa, shahararriyar ƙasidar mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya Imru'ul Ƙaisi, ta buɗe, kuma an daɗe ana karanta ta a zaurukan malamai na ƙasar Hausa. Burda ta Imam Busiri, wadda aka yi a Masar a ƙarni na 13, ta ari wannan mabuɗi: ta fara da hawaye da tuna maƙwabta da rashin barci kafin ta shiga yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Marubuta waƙoƙin Hausa na madahu, wato yabon Annabi, sun gaji wannan harshe, masu waƙar soyayya kuma suka ara daga gare su. Shi ya sa bege da shauƙi da ƙuna da hana ido barci suke aiki a ɓangarorin biyu.

Ka duba abu uku. Ina tafiyar ta nufa? In Madina ce ko Ɗaiba ko Rauda, magana ta ƙare. Me mai begen ke roƙo, ceto da ziyara ko aure da dawowa? Sannan yaya rashin sukunin zai ƙare? A madahu isa wurin shi ne magani. A waƙar soyayya ta labari sau da yawa isar ba ta warkar da komai.

Tsuntsaye da yanayi da ake yawan kawowa, kowanne na da tsayayyiyar ma'ana?

Suna da ma'anar da aka saba, amma ba doka ba ce. Shamuwa na tafiya ta dawo kan lokaci, shi ya sa take zama abin gori ga wanda bai dawo ba. Tattabara ta san gida. Belbela na bin shanu duk inda suka yi. Zara matar wata ce, kullum kusa da shi ba ta taɓa shi ba. Hunturu na kawo kaɗaici da hazon da ke rufe hanya, bazara ƙunci, marka zaman ɗaki da tunani. Tasha da jirgi sun shigo daga baya, bayan dogo ya iso Kano a 1911 tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Kuskuren shi ne ɗaukar wannan jeri kamar ƙamus. Dubi abin da tsuntsun ke yi a layin. Tattabarar da ta tashi ba ta komo ba ta fi shamuwa goma ciwo, saboda ta saɓa halinta. Alama na da ƙarfi ne a inda mawaƙi ya karya abin da mai sauraro ke tsammani.

Duk misalan na namiji ne mai tafiya. Mace fa?

Nata rashin sukunin ya fi wuyar gani domin sau da yawa a cikin katanga huɗu yake. Ba za ka sami jerin garuruwa ba. Za ka sami jerin lokuta: asuba, hantsi, la'asar, tsakar dare. Za ka sami leƙen ƙofa, sauraron ƙarar mota, share tsakar gida sau biyu. Tafiye-tafiyenta ma suna da sunayensu, kai amarya da yaji da wankan gida da zawarci, kuma kowanne na ɗauke da hukuncin jama'a. A waƙar kai amarya ana kuka da guɗa a lokaci ɗaya, kada ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya. A waƙar niƙa habaicin da ake yi wa kishiya sau da yawa kewar miji ce ta sa tufafin faɗa.

Waƙoƙin fim fa, inda namiji da mace ke musayar baiti?

Ka raba matanin gida biyu, nasa da nata, ka karanta kowanne shi kaɗai daga sama har ƙasa. Sannan ka duba ko tana amsa abin da ya faɗa ne ko kowa nasa yake yi. In yana zancen tafiya tana zancen ranar aure, tazarar da ke tsakaninsu ita ce jigon. Ka kuma kiyayi hoto. Sau da yawa akan yi waƙar a sitidiyo kafin a ɗauki rawar, wani ne ya rera wani ke motsa baki, kuma lambun da ake rausaya a ciki ba shi da alaƙa da tashar da ake ambata. Nazarci sautin tukuna ido a rufe.

Idan kiɗa na da zafi kalmomi kuma na baƙin ciki, wanne zan bi?

Duka biyun, ka kuma faɗi cewa sun saɓa. Kiɗa mai gudu a ƙarƙashin kalmomin jira shi kansa rashin sukuni ne, ƙafa na tafiya baki na cewa a tsaya. Ka lura da inda mawaƙi ya ja wasali, inda ya yi shiru ya bar kalangu ko gurmi ko fiyano ya ƙarasa, da inda muryarsa ta sauka. Rubuta minti da daƙiƙar wurin domin mai karatunka ya je ya ji da kunnensa.

Waɗanne kurakurai suka fi yawa wajen rubuta matani?

Na farko kalmomin da rubutu ke haɗawa amma furuci ya raba. Kuka na itace da kuka na hawaye, baƙi na launi da baƙi na ƙofa, wuya ta wahala da wuya na jiki, fari na launi da na rashin ruwa da na ido. Wani lokaci jinsi ke ceton ka: "kukarmu" itace ce, "kukanmu" hawaye ne, kuma harafin nan ɗaya na iya juya ɗa guda. Wani lokaci kuma da gangan mawaƙi ya bar ƙofa biyu a buɗe, sai ka faɗi duka.

Na biyu gyara karin harshe. In mawaƙin Basakkwace ne ya ce "tahi" ko "wagga" ko "mi", ko Badamagare ya yi nasa, ka rubuta yadda ya faɗa. Mai da shi Kananci na ɓata kari da amsa-amo, yana kuma share shaidar inda mai maganar ya fito, wadda a waƙar baƙunta ita ce rabin labari.

Na uku mantawa cewa waƙar baka ba ta da matani ɗaya. Makaɗi na iya rera ta a gidan rediyo da ɗiya takwas, a wajen biki da ashirin, ya sako yabon mai gida a tsakiya. Ɗan da ya ba ka ƙarshen labarin a wani faifan ƙila babu shi a wani. Ka faɗi wanda ka yi aiki da shi da tsawon mintocinsa.

In zan rubuta sharhin don jarrabawa ko kundi, yaya zan tsara shi?

Kawo labarin a layi uku zuwa biyar, ba ƙari. Faɗi turke a jimla ɗaya wadda wani zai iya musantawa. "Waƙar na magana kan soyayya" ba ta isa ba, "mai maganar na amfani da alkawarin dawowa don ya guje wa dawowa" ita ce jimla. Sannan ga kowace da'awa ka kawo layi da lambar ɗansa, ka nuna kalmar da ta ɗauki nauyin, ka bayyana yadda ta yi. Da'awa uku masu hujja sun fi goma marasa ita. Salo irin su kamantawa da siffantawa da mutuntarwa kada ka jera su kamar kayan talla, ka ambaci wanda ya yi wa jigon aiki kawai. Daga ƙarshe ɗauko jimlar nan da ka rubuta a sauraron farko ka gwada ta da abin da ka samu. In sun saɓa, koma ka nemi ɗan da ya yaudare ka, ka sa shi cikin sharhin.